Ɓauren Tin a Tsakar Gida: Daga Yankan Reshe Zuwa Gane Bishiyar da Ta Cancanci Ruwanka

Shekara bakwai ke nan da gwaggona ta dawo daga aikin Hajji. Cikin tsarabarta akwai busasshen tin, irin wanda ake jerawa a kwali. Da na ci na ji garɗinsa, sai na wanke 'yan ƙwayoyin da ke ciki na barbaɗa su a wani tsohon kwano. Sun tsiro fiye da ashirin. Na zaɓi uku mafi ƙarfi, na yi musu hidima shekara huɗu cur, ina ɗebo musu ruwa ko a bazarar da famfo ya ƙafe. Ɗaya bai taɓa ɗaura ɗa ba. Biyun kuwa sukan yi 'ya'ya, su kai girman kanya, su yi rawaya, su zube ƙasa babu ko ɗaya da ya nuna. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma shi ya sa nake son wanda zai fara yanzu ya san abin da ban sani ba a lokacin.

Ka fara sanin abin da kake shukawa

Tin ɗin da aka ambata a sura ta 95 ta Alƙur'ani ɗan'uwan ɓaurenmu ne na daji, kamar yadda ceɗiya da durumi da gamji suke 'yan gida ɗaya da shi. Amma ba bishiya ɗaya ba ce. Ganyen ɓaurenmu zagayayye ne, babu tsaga. Ganyen tin yawanci a tsage yake gida uku zuwa biyar kamar tafin hannu da yatsu, yana da kaushi, kuma idan ka murza shi za ka ji wani ƙamshi nasa na daban. Asalinsa ƙasashen gabas da kewayen Bahar Rum ne. Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, sai irin su Masar da Maroko da Aljeriya.

Abin da muke kira ɗan ɓaure, a gaskiya jaka ce da furanni ke ɓoye a cikinta. Ƙofar shiga guda ɗaya ce, wannan ɗan ramin da ke ƙasansa, wanda masu lambu ke ce wa ido. Kowane irin ɓaure yana da ɗan ƙwaronsa da ke kutsawa ta nan ya yi masa barbara. Shi ne dalilin da ya sa manya ke cewa mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Sai dai ƙwaron ɓaurenmu ba ya yi wa tin aiki, nasa daban ne, kuma ba abin da za ka sa rai da shi ba ne a Kano ko Maraɗi.

A nan ne maganar take. Tin kashi huɗu ne. Akwai namiji, wanda 'ya'yansa ba a ci, gidan ƙwaro ne kawai. Akwai wanda ake kira Smyrna, sunan da birnin Izmir na Turkiyya ke amsawa a da, wanda idan ba a yi masa barbara ba duk 'ya'yansa zubewa suke yi. Akwai San Pedro, mai ba da 'ya'yan farko babu barbara amma na biyu sai da ita. Sai na huɗu, gama-gari, wanda ke nuna da kansa ba tare da ƙwaro ba. Wannan na huɗun kaɗai ne namu. Cikinsa akwai Brown Turkey da Black Mission da Kadota da Celeste, da Sultani na Masar.

Busasshen tin na Turkiyya yawanci daga irin Smyrna yake. Ƙwayarsa tana tsirowa domin an yi mata barbara, amma kusan rabin abin da zai fito maza ne, matan kuma su gaji halin uwarsu na jiran ƙwaro. Ba ni kaɗai wannan ya taɓa cinyewa ba. Manoman Kalifoniya a Amurka sun shigo da rassan Smyrna a shekarun 1880, suka yi ta kallon 'ya'yan suna zuba shekara da shekaru, sai a 1899 da aka yi nasarar kai musu ƙwaron sannan gonakinsu suka fara biya. Saboda haka ka bar ƙwaya. Reshe ake shukawa.

Samo reshe

Mafi alherin reshe shi ne wanda aka yanko daga bishiyar da ka ci ɗanta da bakinka, a garinku ko garin da yanayinsa ya yi kama da naku. Reshe kwafin uwarsa ne, abin da ta yi shi zai yi. Idan wajen masu sayar da dashe za ka, kada hoton da ke waya ya ruɗe ka. Ka ce a nuna maka uwar. Wani dattijo mai lambu a bakin fadama, wanda daga baya ya ba ni rassan da nake ci yanzu, da na ba shi labarin ƙwayoyina sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ko akuya za ka saya ai kana tambayar uwarta nawa take haifa." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ya ja ni gindin bishiyar, ya tsinko ɗaya ya miƙo mini, sannan ya ɗauko wuƙa.

Ka zaɓi reshen da ya ƙosa, wanda ɓawonsa ya bar kore ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, kaurin fensir zuwa na ɗan yatsa. Tsawonsa taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, da gaɓa uku ko huɗu. Ka yanke ƙasan daf da gaɓa, saman kuma ka ɗan karkata yankan domin kada ka manta ina ne sama. Ka cire ganyen duka. Ka dubi uwar da kyau: idan ganyenta ya yi dabbare-dabbaren rawaya ya kuma murɗe, tana ɗauke da cutar da ke bin reshe, gara ka nemi wata.

Farin ruwan da ke fita idan an yanka yana ƙona fata, musamman idan rana ta bugi wurin. Ka sa leda a hannu, ka kiyaye ido, ka kori yara daga wurin.

A wajenmu na fi samun sa'a daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Zafin Maris da Afrilu yana dafa reshe kafin ya yi saiwa, ruwan Agusta kuma ya ruɓar da shi.

Fitar da saiwa

Ka sami gorar ruwa ta roba mai haske, ka yanke kanta, ka huda gindinta wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Ka cika ta da yashin rafi wankakke haɗe da ɓuntun shinkafa da aka babbaka, rabi da rabi. Kada ka sa taki ko kaɗan a wannan mataki. Ka jiƙa haɗin, ka damƙa a hannu: idan ruwa ya ɗiga, ya yi yawa. Danshi ake so, ba caɓi ba.

Ka binne kashi biyu cikin uku na reshen, ka bar ido, wato wurin da toho ke fitowa a gaɓa, ɗaya ko biyu a waje. Ka ɗiga kakin kyandir a kan yankan sama domin iskar hunturu kada ta busar da shi, sannan ka kifa farar leda a kai, ka ajiye a inuwa mai haske, kamar baranda ko gindin taga. Ka ɗora a kan benci ko bulo, domin gara tana son reshen ɓaure sosai. Duk bayan kwana biyu ka ɗaga ledar ya sha iska.

Cikin sati biyu za ka iya ganin toho, har da ganye. Kada ka yi murna tukuna, kuma kada ka ƙara ruwa. Reshen yana cin guzurin da ya zo da shi ne, mai yiwuwa bai fitar da saiwa ko ɗaya ba. Yawancin rassan da ke mutuwa a hannun sabon shiga a wannan satin suke mutuwa, da yawan ruwa. Amfanin gora mai haske shi ne za ka ga fararen saiwoyi sun taɓa bango, yawanci tsakanin sati uku zuwa shida. Sai sun yi rassa sun fara sauya launi sannan za ka fara janye ledar, yau awa ɗaya, gobe biyu, har ya saba da iska. Ka dasa guda biyar idan kana son uku.

Idan uwar tana kusa da kai kuma mai ita ya yarda, akwai hanyar da ta fi tabbas, da damina ake yin ta. Ka feƙe ɓawon reshe a zagaye, faɗin ɗan yatsa biyu, ka naɗe wurin da ƙasa mai danshi cikin leda, ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu ledar za ta cika da saiwa, sai ka yanke reshen daga ƙasanta ka dasa.

Tukunya ko ƙasa

Babban makiyin tin a ƙasar jigawa wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu shiga saiwa su sa ta yi ƙulu-ƙulu. Masu noman tumatir da kuɓewa sun san su. Idan ka taɓa tumɓuke tumatir a gidanka ka ga saiwarsa kamar carbi, to kada ka sa tin a wannan ƙasa. Ka yi amfani da tukunya, ka ɗora ta a kan bulo yadda saiwa ba za ta leƙa ƙasa ba.

Ka fara da jarka mai lita 20 da aka yanke, bayan shekara ka mayar da shi rabin duro. Huji da yawa a gindi. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, da ɗan dakakken gawayi. Idan kana shakkar ƙasar, ka jiƙa ta ka lulluɓe da farar leda a tsakiyar ranar bazara na sati huɗu zuwa shida, zafi zai rage ƙwarin da ke ciki. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta ƙona saiwa a watan Afrilu, don haka ka naɗe ta da buhun algarara ko ka shafa mata farin fenti.

Wanda ke da fili kuma ƙasarsa lafiya lau, ya dasa a farkon damina, a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Saiwar tin tana yawo nesa a saman ƙasa tana neman danshi. Ka nisanta shi da harsashin gini da rijiya da shadda, ka bar aƙalla mita uku zuwa huɗu tsakanin bishiya da bishiya. Rana ta same shi awa shida zuwa takwas, ta safe ta fi. Ka kewaye shi saboda awaki.

Ruwa, taki da aski

Ka tsoma yatsa gaɓa biyu cikin ƙasa, idan a bushe take ka ba da ruwa har ya ɗiga ta ƙasa. A bazara na tukunya yakan nemi ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Abin da tin ba ya so shi ne yau ƙishi gobe ambaliya, wannan ke sa shi zubar da 'ya'ya ko su tsage. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma kada su taɓa jikin itacen, kuma ka riƙa ɗagawa kana duba gara.

Ka guji yuriya da ɗanyen kashin kaji. Za su ba ka bishiya kore shar, ganye kamar faifai, babu ɗa. Ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a wata ya ishi ɗan dashe a jarka, a zuba a gefen tukunya nesa da gindi. Idan ya fara ɗaura 'ya'ya, ɗan tafin tokar murhu sau ɗaya a wata biyu yana taimakawa.

Aski shi ne ke shirya maka lokacin girbi. A ƙasashensa na asali sanyi ne ke sa tin ya zubar da ganye ya huta. Mu ba mu da irin wannan sanyi, sai mu yi masa da almakashi, kamar yadda manoman yankin Pune a Indiya da masu lambu a Malesiya ke yi. Dashe idan ya kai gwiwa ko ɗan sama, ka datse kansa, ka zaɓi rassa uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban, sauran ka cire. 'Ya'ya a kan sabon reshe suke fitowa, ɗaya a hammatar kowane ganye. Ina yin babban aski a Oktoba da ɗaukewar ruwa, domin nunar ta faɗo a rani. Wanda ya nuna da damina lami ne, yana tsagewa, ganyen kuma na fama da tsatsa, wato jajayen ɗige-ɗigen da ke bayan ganye. Irin wannan ganye a tsince a ƙone. Idan sabon reshe ya kai ganye biyar ko shida bai nuna alamar ɗa ba, ka tsinke kan tohon da farce, sau da yawa wannan kan sa ya ɗaura.

Yadda za ka karanta ƙaramar bishiya

Tin na reshe yana iya yin ɗa tun a shekararsa ta farko, kuma a nan mutane ke yanke hukunci cikin gaggawa. Wani ya ɗanɗana ɗan fari ya ji salam, ya tumɓuke bishiyar da da ta zama abin alfaharinsa. Wani kuma ya ga ganye mai kyau ya yi ta yanka rassa yana rabawa, alhali irin mai zubarwa ne. Abin da za ka riƙe shi ne, wasu halaye na jini ne, ba sa sauyawa, wasu kuma na shekaru ne da ruwa da rana.

Ganye ba shaida ba ne. A bishiya ɗaya za ka ga mai tsaga biyar da mai uku da marar tsaga, musamman tana ƙarama. Duk wanda ya ce ya gane maka iri daga ganye kawai, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Ka duba hammatar ganye. Idan ka ga ƙullutu biyu, ɗaya mai tsini ɗaya zagayayye, mai tsinin reshe ne, zagayayyen ɗa ne. Dashen da ya nuna wannan da wuri, gaɓoɓinsa kuma kusa da juna, a abin da na gani yakan zama mai yawan haihuwa. Amma idan a inuwa yake ko ya sha yuriya gaɓoɓin za su yi nisa ko da irin kirki ne, don haka ka gyara wannan kafin ka zarge shi.

A shekarar farko ka bar masa 'ya'ya uku ko huɗu kawai, sauran ka cire tun suna kamar wake, ƙarfinsa ya tafi ga saiwa. Waɗanda ka bari ka ɗaura musu zare, ka rubuta ranar a littafi. Ɗan tin yana girma da sauri da farko, sai ya tsaya cik wata ɗaya ko biyu, kore, tauri kamar dutse. Wannan tsayuwar ba ciwo ba ce. A kwanakin ƙarshe ne zai kumbura kusan ninki, ya sauya launi, ya yi laushi. Daga fitowa zuwa nuna kamar wata uku ne, wani iri ya gaza haka, wani ya ɗara.

Jarrabawa ta farko ita ce ko zai riƙe ɗansa. Ƙaramin dashe yana iya zubarwa saboda ƙishi ko zafi ko sauyin wuri, wannan uzuri ne. Amma idan ruwa bai yanke masa ba, ganyensa lafiya, kuma zubi biyu a jere duk 'ya'yan suka faɗi a girma ɗaya, ka tsaga ɗaya ka gani. Ciki a bushe kamar soso, babu tsoka, to mai jiran ƙwaro ne ko namiji. Shekara goma ba za ta gyara shi ba.

Na biyu, ido. Ka juya ɗan da ya kusa nuna ka duba. Idan idon a matse yake, ko ɗigon zuma ya toshe shi, ka yi dace. Idan a buɗe yake har tsinken ashana zai shiga, kiyashi da ƙananan ƙwari za su shiga su sa shi tsami, ruwan sama ma ya shiga ya fasa shi. Wannan hali na jini ne. Irin mai buɗaɗɗen ido ba abin yarwa ba ne, amma sai dai ka tsara nunarsa ta zo a rani kawai.

Na uku, ka tabbata ya nuna kafin ka ɗanɗana, domin tin ba ya ƙarasa nuna bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba. Launi kaɗai ba ya isa, Kadota ko ya nuna kore ne mai ratsin rawaya. Ka dubi wuyan: zai yi laushi, ɗan ya sunkuyar da kai ƙasa, fatar ta ɗan tsattsage. Idan ka tsinke ka ga farin ruwa a wurin da ka tsinko shi, to ka yi gaggawa, bai gama nuna ba. Tsuntsaye da jemagu sun fi ka sanin ranar, don haka da ya fara kumbura ka ɗaure shi cikin ɗan yankin gidan sauro. Ka ɗan rage ruwa a wannan satin, ba har ganye ya yi yaushi ba.

Ka tsinke da safe, ka tsaga shi a tsaye daga wuya zuwa ido, ka duba kafin ka kai baki. Tsokar ta cika ko akwai kogo a tsakiya? Fatar siririya ce ko mai kauri da ɗaci? Cikin ja ne, ko ruwan zuma? Farin da ke tsakanin fata da tsoka, kaɗan ne ko ya cinye rabin ɗan? Waɗannan sukan ɗan gyaru, amma kamanninsu ba ya barin asali. Ka ɗauki hoto, ka rubuta.

Girma da zaƙi kuwa, kada ka yi musu hukunci yanzu. Saiwar ɗan shekara ɗaya ba ta da ƙarfin cika ɗa da sukari. Abin da za ka nema shi ne ɗanɗanon da ke bayan zaƙin. Wani yana da ƙamshin zuma, wani kamar dabino, wani da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Idan ka ji alamar wannan ko kaɗan ne, zai ƙaru. Bishiyar da Baba mai lambu ya ba ni, ɗanta na farko bai fi goro ba, zaƙinsa kuma bai kai na gwanda ba, amma idon a rufe yake, cikin ja jawur babu kogo. A shekara ta uku sai da na riƙa raba ɗaya biyu saboda zaƙi. Ka ba kowace bishiya zubi uku, biyu daga ciki a rani, kafin ka yanke shawara. Kuma kada ka raba wa kowa reshenta kafin nan.

Idan ta faɗi jarrabawa

Kada ka sare ta. Saiwar da ta shekara uku a ƙasa dukiya ce. Ka yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ka datse reshe mai kaurin ɗan yatsa, ka bar farin ruwan ya tsane na ɗan lokaci, ka tsaga tsakiyarsa santimita uku. Ka feƙe reshen irin kirki mai ido biyu ta gefe biyu kamar bakin gatari, ka cusa yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, ka naɗe tam da leda har sama, ka yi masa inuwa da takarda. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi.

Haka na yi wa ɗaya daga cikin ukun nan nawa, sauran biyun gara ta riga ni. Da auren ya kama ya yi 'ya'ya, na cika ƙaramin kwano na kai wa gwaggona. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Wannan na tsarabar nan ne?" Na ce, "Gindin dai naki ne, Gwaggo, kan kuma na wani bawan Allah ne." Ta tsaga ta leƙa ciki, ta ci, ta ce in kawo mata nata ta sa a bayan ɗaki. Na yanka mata rassa biyar a Oktoban da ya wuce, uku sun yi saiwa.